DejaGnu: ra'ayina bayan shekara biyu ina gwada GDB da GCC da Clang

Ranar da ogana ya ce mu daina dogara da kwamfailar GCC kaɗai, mu riƙa gwada dibagarmu ta GDB da kwamfailar Clang ma, na ɗauka aikin yamma ɗaya ne. Abin da ake buƙata bai wuce ƙara abu biyu a layin umarni ba, CC_FOR_TARGET=clang da CXX_FOR_TARGET=clang++, a cikin RUNTESTFLAGS, inda ake miƙa zaɓi ga DejaGnu, kayan gwajin GDB. Na rubuta, na danna, na tafi sallar La'asar, na biya ta wurin mai shayi. Da na dawo na buɗe fayil ɗin sakamako, gdb.sum, sai na tarar da FAIL sun yi layi kamar motoci a gidan mai lokacin ƙarancin fetur.

Ko harafi ɗaya ban taɓa a cikin dibagar ba. Ita ce dai ta jiya. Abin da ya canza kawai shi ne kwamfailar, wato manhajar da ke mai da kod yaren inji, wadda ta haɗa ƙananan manhajojin da ake gwada dibagar a kansu.

Ga wanda bai saba da harkar ba: GDB dibaga ce, wato manhajar da mai rubuta kod yake amfani da ita ya tsayar da manhajarsa tana cikin gudu, ya leƙa cikinta, ya bi ta layi bayan layi har ya kama inda ta kauce hanya. Richard Stallman ne ya fara rubuta ta a 1986. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne dibaga ba ta karanta kod ɗinka don ta fahimce shi. Da taswirar da kwamfaila ta bar mata take aiki, wadda ake kira DWARF: wannan adireshi na layi kaza ne, wancan bariyebul yana zaune a wuri kaza, girmansa kaza. Kowace kwamfaila kuwa da irin hannunta wajen zana taswirar, kuma yawanci ƙa'idar DWARF ta yarda da kowanne zane. Saboda haka duk lokacin da ka ce kana gwada dibaga, abu uku kake gwadawa a dunƙule: ita kanta, da kwamfaila, da tsarin da suke zaune a kai. In gwaji ya faɗi, kafin ka ce me za a gyara sai ka fara sanin laifin wa ne.

DejaGnu shi ne kayan aikin da GDB take gudanar da gwaje-gwajenta da shi, haka ma GCC da binutils. Tsoho ne tukuf. Rob Savoye ya rubuta shi a kamfanin Cygnus a farkon shekarun 1990, a kan Expect na Don Libes, shi kuma Expect yana kan harshen Tcl da John Ousterhout ya ƙirƙiro a jami'ar Berkeley a ƙarshen shekarun 1980. Kyauta ne, ba a biyan ko sisi, kuma a Debian ko Ubuntu apt install dejagnu ya wadatar. Ba ya gaggawar fitar da sabon zubi: 1.6.2 ya fito a 2018, 1.6.3 a 2021. Yadda yake aiki babu wani sirri. Yana zama ne a gaban GDB kamar mutum a gaban taminal, ya buga umarni, ya jira amsa, ya gwada rubutun da ya fito da wanda aka ce masa ya sa rai. In sun dace ya rubuta PASS. Yawanci gwaji fayil biyu ne: ƙaramar manhajar C ko C++ ko Ada ko Fortran, da fayil ɗin .exp da yake ɗauke da tambayoyin. Taƙaitaccen sakamako yana shiga gdb.sum, cikakkiyar hirar da aka yi da dibagar kuma tana gdb.log.

Bari in nuna muku FAIL ɗin farko da na bi har gida, don shi ya koya mini aikin.

Fankshin ne mai layi huɗu: sunansa, bakan buɗewa, layin return x * 2, sai bakan rufewa. Gwajin yana kafa shinge, wato wurin da manhajar za ta tsaya, a layin return, ya tsaya, sannan ya ba da umarnin next, wato a taka layi ɗaya, sau biyu, yana sa ran ya samu kansa a cikin main, babban fankshin da ya kira wannan. Da GCC haka abin yake. Next na farko yana kai ka kan bakan rufewa, domin GCC tana ɗora 'yan umarnin ƙarshe na fankshin, masu tattara kaya a koma gida, a kan wannan layi. Na biyu ya fitar da kai. Clang kuwa, a irin wannan fankshin mai return guda, tana ɗora umarnin ƙarshen a kan layin return ɗin kansa. Next ɗaya ka riga ka fita. Na biyun sai ya wuce da kai gaba da layi ɗaya a cikin main, kuma daga nan duk tambayar da fayil ɗin ya yi, a wurin da ba shi ba yake yin ta. Ya nemi ƙimar wani bariyebul, an riga an canza ta. Ya nemi layi kaza, an ba shi na gabansa. Taku ɗaya da aka yi ba daidai ba ya haifi FAIL har ƙasan fayil. Babu mai laifi tsakanin GDB da Clang. Wanda ya rubuta gwajin shekaru da dama da suka wuce ne ya ƙirga takun GCC, ya ɗauka takun kowa ke nan.

Gyaran da na fara yi shi ne na rago. Akwai wani mataimaki a lib/gdb.exp mai suna test_compiler_info, kana tambayarsa ko kwamfailar clang ce, ya ce e ko a'a. Na rubuta: in clang ce a yi next ɗaya, in ba ita ba a yi biyu. Ya yi aiki, na tura wa oga facin, wato gyaran kod ɗin, ina jin kaina. Bai ɗauki minti biyar ba ya leƙo.

"Malam, wannan suna ka tambaya, ba hali ba."

"Oga, ai ya wuce. Duba, PASS ne duka."

"Yau ya wuce. Gobe in Clang ta sauya ra'ayi fa? Ko in aka kawo mana wadda halinta na Clang ne amma sunanta daban?"

Da gaskiyarsa. Sabuwar kwamfailar Intel, icx, a kan LLVM, tushen Clang, aka gina ta, haka ma armclang ta kamfanin Arm. Mutanen GDB sun riga ni cin karo da wannan matsala, sun kuma ajiye maganinta iri biyu. Ɗaya shi ne gdb_step_until, wanda maimakon ƙirga taku, sai ya yi ta takawa har ya ga layin da ake nema. Ɗayan kuma shi ne a haɗa wata 'yar manhaja tun farko, a duba ko kwamfailar da ke hannu tana ba bakan rufewa layinsa, a ajiye amsar don sauran gwaje-gwaje su yi amfani da ita. Ana rubuta irin waɗannan da gdb_caching_proc, tambaya ɗaya a yi ta sau ɗaya. Tun daga ranar, duk facin da zan tura sai na tsaya na tambayi kaina ko sunan kwamfaila nake bi ko abin da ta aikata. Har yanzu akwai wuraren da ba makawa sai an kama suna, misali in kwaro ne sananne a wani zubi guda na GCC. Amma ba su da yawa kamar yadda rago yake so.

Wancan ya zo da hayaniya, shi ya sa aka gan shi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mai zuwa shiru. GDB tana ɗaukar duk wata magana da kwamfaila ta yi lokacin haɗa manhajar gwaji a matsayin gazawa, ko da gargaɗi ne kawai. Akwai alamar noclone da GCC ta sani, Clang ba ta san ta ba, sai ta yi gargaɗi. Nan take a ce manhajar ba ta haɗu ba, a rubuta UNTESTED layi ɗaya, fayil ɗin gaba ɗaya ya fita daga lissafi. Ba FAIL ko ɗaya. Kai kuma kana kallon adadin FAIL yana raguwa kana murna, alhali gwaje-gwaje ne suka sulale ta bayan gida. Na yi kusan wata guda ina kai rahoton ci gaba kafin na lura cewa adadin PASS ma ya ragu. Laifina ne, lambar tana nan a ƙasan gdb.sum, ban duba ba. Don wannan alama aka yi ATTRIBUTE_NOCLONE a lib/attributes.h, wanda yake zama wofi in kwamfailar ba ta san abin ba.

Irin wannan yana ƙaruwa duk sanda kwamfaila ta tsaurara. Clang 16 a 2023 da GCC 14 a 2024 sun mai da kiran fankshin da ba a gabatar da shi ba kuskure, ba gargaɗi ba. GCC 15 a 2025 ta koma C23 a matsayin tsarinta na asali, inda bool ya zama kalmar harshe, baka biyu marasa komai a gaban fankshin kuma suke nufin ba ya karɓar komai. Wasu fayilolin gwajinmu da gangan aka rubuta su da tsohon salo, don a ga ko dibagar tana iya kiran fankshin marar cikakkiyar gabatarwa. Ba gyara su za ka yi ba, sai dai ka gaya wa kwamfaila ta karanta su da tsohuwar ƙa'ida.

Sai kuma batun bariyebul ɗin static da aka ajiye ba a yi amfani da shi ba. In ba a kunna ingantawa ba, GCC takan bar shi. Clang takan share shi, tunda ba mai nemansa. Gwaji ya ce print, GDB ta ce ba ta san wannan suna ba, kuma gaskiya ta faɗa. Maganin sa masa alamar used. Wannan ba shi da wuya in ka gane shi sau ɗaya.

To me ya sa ban ce a jefar da DejaGnu ba? Saboda kalmominsa. Yawancin kayan gwaji na zamani kalma biyu ko uku suka sani: ya ci, ya faɗi, an tsallake. Shi yana da PASS da FAIL, yana da UNSUPPORTED na abin da injin ba zai iya ba, UNTESTED na abin da ba a kai ga gwadawa ba, UNRESOLVED na abin da sai mutum ya duba da idonsa. Waɗanda na fi so su ne XFAIL da KFAIL. A al'adar GDB, KFAIL na nufin mun san kwaron namu ne, ga lambarsa a Bugzilla, rajistar kwari. XFAIL na nufin faɗuwar daga waje take, kwamfaila ce ko laburare ko kanel, ba mu da abin yi sai jira. Ranar da masu kwamfailar suka gyara nasu, sai layin ya koma XPASS, wato ya ci alhali an ce zai faɗi, ka san lokacin cire alamar ya yi. A aikin da rabinsa rabon laifi ne, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ka buɗe fayil ɗin da wani ya rubuta tun kana firamare, ka ga ya bar maka shaidar wa ya zarga da kuma dalilinsa.

Abu na biyu da ya yi fice a kai shi ne fayilolin allo, masu bayyana injin da gwaji zai gudana a kai da yadda za a kai gare shi. Cygnus sana'arsu ke nan, kwamfailar da ke gudu a inji ɗaya tana haɗa manhaja don wani injin daban, kuma an ga hakan a ginin DejaGnu. Gwaji ɗaya, ba tare da ka taɓa shi ba, za ka gudanar da shi kai tsaye, ko ta native-gdbserver, inda 'yar manhajar gdbserver take shiga tsakanin GDB da abin da ake gwadawa, ko da unix/-m32 don ganin halin manhaja mai bit 32, ko a QEMU mai kwaikwayon inji, ko a kan allon gaske da ke ajiye a tebur da waya a jikinsa. Ka canza --target_board kawai. Mu da muke aiki da ƙananan allunan Arm, wannan kaɗai ya isa ya riƙe mu.

Yanzu ga inda yake cizo.

Tcl. Ba wai mugun harshe ba ne, amma haɗa shi da rejeks, wato tsarin alamomin da ake neman rubutu da su, azaba ce. Baka mai kusurwa tana da ma'ana a Tcl, tana da wata ma'anar a rejeks. Haka alamar dala. In kana son ka ce a nemi bakan kanta a cikin rubutu, sai ka jera mata sanda uku a gaba, \\\[, ka manta ɗaya kuma ko dai Tcl ya ɗauka umarni ka ba shi ya tsaya cak, ko rejeks ɗin ya dace da abin da ba shi kake nufi ba, ya ba ka PASS na ƙarya. Ita GDB kuwa kowace amsar print da alamar dala take farawa, kowane jeri da baka yake zuwa. Akwai string_to_regexp da multi_line da suke rage wahalar, ku yi amfani da su tun ranar farko, kada ku jira sai ido ya yi ja kamar nawa. In kuma kuskuren Tcl ya faru a tsakiyar fayil, sauran gwaje-gwajen da ke ƙasa ba a kai gare su, wata ƙofar ɓacewa ke nan.

Sai lokaci. Wannan ne babban aibinsa, kuma a jininsa yake, ba a iya cire shi. Expect yana karanta duk abin da ya iso a daidai lokacin da ya duba. Wani lokaci amsar GDB takan iso gaba ɗaya, wani lokaci gutsure-gutsure. In rejeks ɗinka mai haɗama ne, yau zai haɗiye layi biyu, gobe ɗaya, sakamako ya bambanta alhali ba abin da ya canza. Ga kuma wa'adin daƙiƙa 10 da ake ba kowane umarni. A bazarar da ta wuce, an ɗauke wuta, ina kan inbata, fanka ba ta juyawa, laftof ta yi zafi ta rage gudu da kanta, ni kuma na sa make check da -j8, wato aiki takwas a lokaci ɗaya. Gwaje-gwajen gdb.threads suka riƙa zubewa saboda ƙarewar wa'adi. Na kwana biyu ina zargin facina kafin na sake gudanar da su da asuba, gari da sanyi, suka wuce lafiya lau. Mutanen GDB sun yi dabara a nan: make check-read1 yana tilasta wa Expect ya karanta harafi ɗaya-ɗaya, ta yadda gwajin da yake dogara da sa'a zai tona kansa. Yana da jinkiri ƙwarai, amma ban ƙara tura sabon gwaji ban bi da shi ta nan ba.

Da na gama da Clang na zaci an huta, sai na gane GCC ma ba ɗaya ba ce. Ta Ubuntu tana zuwa da kariyar stak a kunne, don tsaro, kuma shawara ce mai kyau. Sai dai a fankshin mai ɗauke da jeri, 'yan umarnin kariyar sukan sa shingen da ka kafa ya sauka a farkon fankshin maimakon layin aiki na farko. Debian da Ubuntu suna haɗa manhaja a matsayin PIE, adireshi kafin gudu daban, bayan gudu daban, shi ya sa wasu gwaje-gwaje suke neman nopie. In an girka bayanan dibagin na glibc, laburaren C na tsarin, a injin, step zai shige da kai cikin fankshin ɗin laburare da a wani injin tsallake shi zai yi. Daga glibc 2.34 a 2021 an narkar da libpthread cikin libc, duk gwajin da yake jiran ganin sunanta a jerin laburare ya sha mamaki. Ba ruwan DejaGnu da ko ɗaya daga ciki, amma shi ne mai kawo maka labarin, kuma ba ya gaya maka daga ina. Sai ka shiga gdb.log da kanka.

Hanyar da ta fi ƙarko ita ce a fitar da kwamfaila daga maganar baki ɗaya. A lib/dwarf.exp akwai abin da zai ba ka damar rubuta DWARF da hannunka cikin Tcl, ka ce ga layi, ga adireshi, ga nau'i, daidai yadda kake so GDB ta gani. Gwaje-gwajen gdb.dwarf2 da yawa haka aka yi su. Amfaninsa ya fito fili lokacin da GCC 11 a 2021 da Clang 14 a 2022 suka koma DWARF 5 a matsayin na asali, tsarin da aka wallafa tun 2017, wanda har ƙirgan fayiloli a teburin layi ya sauya, daga sifili yake farawa maimakon ɗaya. Kwaron da yake fitowa da tsohon tsari kaɗai, in ka dogara da kwamfaila, wata rana za ta daina haifar da shi, gwajinka ya ci gaba da cewa PASS ba tare da yana gwada komai ba. Na hannu ba ya canzawa. Rubuta shi dai akwai cin rai, na farkon da na yi ya cinye mini mako guda.

Littafin jagoran DejaGnu yana nan, amma ban amfana da shi kamar yadda na amfana da gdb/testsuite/README da karanta lib/gdb.exp kai tsaye ba. Gaskiyar magana, rabin abin da na yaba a sama ba na DejaGnu ba ne, gini ne da mutanen GDB suka yi ta ɗorawa a kansa shekara da shekaru. In ka ɗauke shi tsirara ka kai wani aikin, za ka samu kalmomin nan masu kyau da fayilolin allo, sauran kuma ka gina da kanka.

Wani ƙanena a wurin aiki ya tambaye ni kwanan baya: "Yaya, in zan fara tawa dibagar, da shi zan gwada?" Na ce masa a'a. LLDB, dibagar mutanen LLVM, ta bi wata hanya, yawancin gwaje-gwajenta da Python suke magana da dibagar ta ƙofar manhaja, su tambayi lambar layi su samu lamba, ba rubutun allo da za a tace ba. Wannan ya kawar da matsalar sanduna da yawancin matsalar lokaci, ko da yake bai kawar da bambancin kwamfaila ba, don bakan rufewar nan yana jiran kowa. Amma in GDB za ka taɓa, ko GCC, ba ka da zaɓi, kuma ba abin kuka ba ne. Ka koyi Tcl na kwana uku, ka gudanar da gwajin kafin facinka da bayansa a inji ɗaya, ka gwada gdb.sum biyun da diff mai nuna bambancin fayiloli, ka duba layukan da suka ɓace kamar yadda kake duba waɗanda suka faɗi. Ka kuma ba kowane gwaji suna nasa shi kaɗai, ba tare da adireshi ko hanyar fayil a ciki ba, in ba haka ba diff ɗin shirme zai ba ka. GDB ma yanzu tana ƙirga irin waɗannan a ƙarƙashin DUPLICATE da PATH.

A injin gwajinmu yanzu zubi huɗu ke gudu kowane dare: GCC da Clang, kowacce kai tsaye da kuma ta gdbserver. Akwai wani gwaji guda a gdb.threads da yake faɗuwa da Clang ta gdbserver kaɗai, shi ma ba kullum ba. Na bi shi da read1, na ƙara masa wa'adi, na karanta gdb.log ɗinsa har na kusa haddacewa. Oga ya ce in sa masa KFAIL mu wuce. Na ce masa sai na tabbatar namu ne tukuna, don in na Clang ne XFAIL ya kamace shi. Yana nan a FAIL.